Ranar da Gabagaɗi Ya Shigo da Tirela Layinmu

Ranar da Gabagaɗi ya zo shagona ya ce in ɗinka masa riga mai aljihu huɗu, a ranar ya sanar da mu cewa zai shigo da tirela layinmu. Ya ce ba a bakin titi zai tsaya ba, har ƙofar gidan Innarsa zai kawo ta, da lodi cike, da rana tsaka, lokacin da kowa yake gida idonsa biyu.

Ni tela ne. Shagona shi ne na farko a hannun dama in ka shigo layin, kuma rumfar kwanon da ke gabansa ita ce majalisar unguwa. Mai aski yana tsallake, muna kallon juna. Layin namu kuwa, in ƙananan motoci biyu suka haɗu a cikinsa, sai direbobin sun gaisa sun tambayi iyali kafin ɗaya ya samu wucewa.

Gabagaɗi a gabanmu ya girma, kuma mu muka laƙaba masa sunan, don tun yana yaro in ya tasa abu a gaba ba ya waiwaye, ko da bango ne ya tare shi. A lokacin ya kusa cika shekara da karɓar makullin tirela a hannun wani mai motoci. Maigidan nasa ya yi masa sharaɗi tun ranar farko: shekarar nan ta gwaji ce, in ya ƙare ta bai jawo masa magana ba motar ta zauna a hannunsa, in kuwa ya yi ɓarna ya ajiye makulli. Saura ƙiris shekarar ta cika.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne, duk layinmu babu wanda ya taɓa ganin motar. In ya dawo daga tafiya a bayan babur yake shigowa, yana kaɗa makulli a yatsa. Sai mai aski ya fara yaɗa cewa ai ba direba ba ne, karen mota ne, mai ɗaure igiya da sa wa taya waigi don kada ta gangara, makullin kuma na akwatin kayan aiki ne. Maganar nan ta ci wa Inna rai ƙwarai. Ta daina amsa gaisuwar mai aski, ta yi faɗa da mata biyu a bakin famfo, har ta taɓa zuwa shagona ta tambaye ni a asirce ko ni na yarda da ɗanta.

Ina auna masa kafaɗa yana ba da labari, mai aski ya tsallako da reza a hannu.

"Kawu Tela, ka san abin da ake nufi da tirela kuwa? In na danna oda a bakin gari, sai an daina ciniki a kasuwa."

"An ce tsohuwar mota aka ba ka, wadda sai an tura take tashi," in ji mai aski.

"Gwani ake ba tsohuwar mota. Sabuwa ai ko kai ka tuƙa ta."

"An kuma ce ka ɓata hanya, ka kai wa masu taki siminti."

"Ban ɓata hanya ba, hanyar ce aka canza mata wuri ba a gaya wa kowa ba."

"To barcin da ka yi a layin sikelin auna lodi har aka tsallake ka fa?"

"Ina gwada haƙurin na bayana ne."

Haka yake da kowace wahalar da ya sha. Ciwon bayan da kujerar motar ta sa masa, alamar manyan direbobi ce. Sauron da ya ci shi a tashar manyan motoci, wai ya san jinin mai arziki. Har ranar da tsofaffin direbobi suka aike shi ya zagaye gareji yana neman man da ake zuba wa madubi, cewa ya yi yana sane, so yake ya san garejin lungu da saƙo.

Sai ya kawo takensa, wanda ya sa aka rubuta masa da jan fenti a bayan motar.

"Ni ba na ribas. Tun da na hau tirela ban taɓa ja da baya ba, ko taku ɗaya. Mutum ya sa gaba kawai."

Mu duka mun ɗauka aƙida ce. Har wani malamin makaranta mai ritaya, wanda gidansa yake can ƙarshen layi, ya gyaɗa kai ya ce yaron nan yana da tunani mai zurfi.

Na ce, "To in ka shigo, ta ina za ka fita?"

"Ta ƙarshen layi mana, in ɓulla babban titi. Layin da na yi ƙwallo a cikinsa za ka koya mini?"

"Ai ƙarshen layin nan kwanan baya an…"

"Kawu Tela, ɗinki naka, titi nawa. Na taɓa gaya maka inda za ka sa maɓalli?"

Na buɗe baki zan ƙarasa, mai aski ya take mini ƙafa. Ni kuma maganar maɓallin ta ɗan sosa mini rai, sai na ja bakina na ci gaba da awo. Abin da na so in gaya masa shi ne an haƙa ƙatuwar magudanar ruwa ta yanke ƙarshen layin, ba a yi mata gada ba, sai wani katako da mutane ke takawa su tsallaka. Shi kuma in ya zo gida iyakarsa tsakiyar layi, bai taɓa ƙarasawa can ba.

Ranar alkawari ta zo. Inna ta share ƙofar gida tun da safe, ta yayyafa ruwa, ta fito da kujera. Rana na tsaka muka ji odar da ta sa allura ta tsalle daga hannuna.

Ga ta nan kuwa, ƙatuwa, shuɗiya, tana huci a bakin layi. An loda mata tankunan ruwa na roba, baƙaƙe, an jera su hawa biyu an ɗaure da igiya. Can sama a bayan sitiyari ga Gabagaɗi cikin rigar da na ɗinka, da baƙin tabarau, da tawul a wuya. Gaskiya ya yi kyau, kuma ɗinkin ya zauna.

Ya karyo kwana. Kan motar ya shigo lafiya lau, bai taɓa ko tsinke ba. Ya leƙo ta taga ya sara mini, ni ma na ɗaga masa hannu ina murmushi. Abin da ya manta, ni kuma ban sani ba, shi ne bodin tirela ba ya bin sawun kai, yankan kwana yake yi. Ina cikin ɗaga hannu na ji inuwa ta bar kaina. Na ɗaga ido na ga rana. Rumfata, da kwanonta da ginshiƙanta da rigunan mutane da na rataye a jiki, ta kama hanya ta bi mota.

"Gabagaɗi, rumfata!"

Ya sake danna oda, don ya ɗauka kirari nake masa.

Tankunan sama suka sa kai cikin wayoyin wuta, waɗanda dama a layinmu a cukurkuɗe suke kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Muka ji tas, tas, rediyoyin gidaje suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, injin mai aski ya mutu a tsakiyar kan wani bawan Allah. Gaba kaɗan motar ta kwashi igiyar shanyar matar mai gidan bene. Haka ya isa ƙofar gidan Inna, zannuwa suna kaɗawa a saman tankuna, rumfata tana jan ƙasa a baya, rabin unguwa na biye da shi.

Ya ja birki, motar ta yi ajiyar zuciya, ya diro.

Inna ta taso a hankali. Ta zagaya ta dafa taya, ta ɗaga kai ta kalli tsayin motar, sai na ga tana share ido da bakin mayafi. Ko ni da nake tafasa saboda rumfata, sai da fushina ya lafa. Ta juya ta laluba cikin taron har ta hango wanda take nema.

"Kai mai aski, matso. Wannan akwatin kayan aiki ne?"

"A'a Inna, mota ce."

"Wa ya tuƙo ta?"

"Shi ne, Inna."

"Ƙara faɗa, kunnena ya tsufa."

Aka kama Inna aka hau da ita gaban motar, ta zauna a kujerar direba ta riƙe sitiyari, aka ɗauke ta hoto. Gabagaɗi yana ƙasa yana raba bayani: wannan tankin iska ne, wannan giya ce mai hawa biyu, kada kowa ya taɓa. Na je masa da maganar rumfa ya dafa kafaɗata.

"Kawu, rumfar nan dama ta tsufa. Da na karɓi motar nan dindindin, ta bulo zan gina maka."

Matar mai gidan bene ta zo neman zannuwanta, ya ce ta gode wa Allah, a saman tirela sun fi saurin bushewa.

Da ya ga ya ƙoshi da yabo, ya duba agogo ya ce masu tankuna suna jiransa. Aka sauko da Inna, aka zare rumfata aka jingine. Ya hau, ya tayar, ya yi mana jawabin bankwana ta taga, ya sa gaba. Mu kuwa babu wanda ya koma gida. Duk muka bi shi a baya, shiru, kowa yana danne dariya.

Motar ta tafi, ta tafi, ta tsaya.

Ya daɗe bai sauko ba. Da ya sauko ya je bakin magudanar ya tsaya, ya cire tabarau, ya kalli ramin, ya kalli katakon, ya mayar da tabarau.

"Wa ya haƙa wannan?"

"Hukuma," in ji mai aski.

"Da izinin wa?"

"Sun neme ka ba su same ka ba."

Ya taka katakon ya yi tsalle a kai, wai yana gwada ƙarfinsa. Ya tambaya ko akwai irinsa guda biyu. Da aka yi masa dariya, ya ce to matasa su kawo shebur a cike ramin, aikin alheri ne. Babu wanda ya motsa. Sai ya juya ga malam mai ritaya, wanda katangarsa ce ta ƙarshe.

"Malam, katangar nan taka, kana da wani amfani da ita sosai?"

"Banɗakina ne a bayanta."

"Na wucin gadi nake nufi."

"Ɗana, ka yi ribas mana," in ji Inna daga baya. "Yau ɗaya dai ka karya aƙidar, Allah ya ga zuciyarka."

Ya ce haka ne, don darajar uwa zai yi. Ya hau motar ya rufe ƙofa. Can sai na ga yana yafuto ni da yatsa. Na taka matakalar na kai kunnena taga, ina zaton haƙuri zai ba ni.

"Kawu Tela," ya ce da muryar da ban san shi da ita ba, "ban iya ba."

"Me ba ka iya ba?"

"Ribas."

"Kai, shekara guda?"

"Rage murya, Kawu. In na murza hagu sai ta yi dama, in na murza dama sai ta naɗe. Wanda ya koya mini mota ya ce za mu yi ribas a ƙarshe, sai ya samu aiki ya tafi."

A tsaye a kan matakalar nan ya zayyane mini yadda ya yi shekara. In aka zo wurin lodi inda sai an ja da baya, sai cikinsa ya murɗa, ya miƙa wa wani direba makulli ya ruga banɗaki, har direbobi suka haɗa masa magani. Bai taɓa ajiye mota ba sai inda gaba take a buɗe. Ranar da ya wuce ƙofar wani kamfani da tsawon mota ɗaya, sai da ya je gari na gaba ya zagayo shataletale ya dawo.

"To yanzu ya za mu yi?"

"Ka rufa mini asiri. Ka tsaya a baya ka riƙa gaya mini."

Na sauko. Kafin ƙafata ta taɓa ƙasa mai aski ya karanta fuskata, kafin in kai bayan motar labari ya riga ni. Nan take layinmu ya cika da gwanayen tirela. Mutanen da ko keke ba su iya ba suka naɗe hannun riga.

Mai aski ya tsaya a gaban motar yana fuskantar direba. Malam ya tsaya a gefe da sanda. Ni ina baya.

"Duba madubinka," in ji malam.

Sai a lokacin muka lura madubin duka biyu a karkace suke, suna kallon cikin mota. Ashe tunda ba ya duba baya, ya juya su yana duba fuskarsa. Aka gyara masa su.

Giya ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, motar ta girgiza ta fara ja da baya.

"Hagu," in ji mai aski.

"Dama," na ce.

"Hagun wa?" in ji Gabagaɗi.

"Hagun kowa mana," in ji mai aski.

"Ai kai kana kallonsa, hagunka damansa ne," in ji malam. "Kuma tunda da baya yake tafiya, damansa ya zama hagun motar. Sannan bodin yana saɓa wa kai, ke nan hagu ta dawo hagu."

"To in murza ina?"

"Dakata in zana a ƙasa."

Bai dakata ba. Ya murza wani wuri, bodin ya nufi ƙofar gidan wani tsoho da ke zaune yana yanke farce, tsohon ya tashi da saurin da iyalinsa suka ce rabon da su gani tun yana saurayi. Aka yi ca a kansa, ya taka birki, ya yi gaba, ya sake dawowa. Wannan karon ya murza ɗaya ɓangaren, kuma ya murza da zuciya. Bodin ya kwanta a gicciye, kan motar ya lanƙwaso yana sunsunar gefen bodin kamar kare mai neman wutsiyarsa. Ta taga Gabagaɗi yana iya miƙa hannu ya taɓa lodinsa.

"Haka ake yi," ya ce wa jama'a. "Salo ne."

"Miƙe ta," in ji mai aski.

"Zo kai ka miƙe ta, tunda gashin baki ce."

Ya ƙara wuta. Tayar baya ta hau kan famfon unguwa, famfon da sai ya ga dama yake ɗiga. Bututun ya fashe, ruwa ya yi tsiri sama ya wuce tsayin gidan bene. Rabonmu da ganin ruwa haka har mun manta. Mata suka watse, na ce to sun tsorata, sai ga su sun dawo da bokitai da baho. Matar mai gidan bene, da take tsine masa ɗazu, ta ce Allah ya yi wa yaron nan albarka.

Kusurwar bodin kuma ta goga katangar malam, igiyar lodi ta tsinke. Tankin farko ya sauko a hankali, ya tsaya kamar mai tunani, sai ya gangara. Sauran suka biyo shi. Layinmu yana da ɗan gangare zuwa bakin titi, sai ga tankuna suna tsere, mutane suna manna bayansu da bango. Ɗaya ya shige shagon mai aski ya toshe ƙofa, da mutumin nan mai rabin aski a ciki. Ɗaya ya tsaya daidai inda rumfata take a da. Wani kuma wasu masu dabara suka tare shi suka tayar da shi kusa da bututun, wai tunda ga tanki ga ruwa, kada a yi asara biyu.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara a ɗaya daga cikin aljihun nan huɗu. Sai da ya lalube uku kafin ya same ta. Ya kalli fuskar wayar, ya sauko daga mota, ya rusuna kamar mai kiran yana gabansa.

"Ranka ya daɗe. E, ina hanya. Cunkoso ne, ranka ya daɗe, wani marar hankali ne ya gicciye mota a titi."

Daga bayansa malam yana ta faɗa da mai aski a kan hagu da dama, ruwa yana zuba a kan kwano, wata mata tana kiran a kawo mata wani bokitin.

"Hayaniyar? Kasuwa ce, ranka ya daɗe."

Inna ta matso tana gyara mayafi.

"Maigidan naka ne? Ba ni shi in yi masa godiya."

"Inna, ba yanzu ba."

Ta riga ta fizge. Ta gaishe shi da kyau, ta tambayi iyali, ta yi masa addu'a mai tsawo saboda ya yarda da ɗanta har ya bar shi ya kawo mata motar ƙofar gida. Ta ce kada ya damu, tankunan ma ba su yi nisa ba, ana tattaro su. Ta yi shiru tana saurare, sannan ta kwatanta masa layin dalla-dalla, ta ce in ya ga ruwa yana tashi sama to nan ne.

Ta miƙa wa ɗanta wayar tana murna. "Mutumin kirki. Ya ce yana zuwa da kansa."

Gabagaɗi ya zauna a kan matakalar mota ya cire tawul ya rufe fuska.

Maigidan ya iso ba da daɗewa ba. Dattijo ne mai tumbi, cikin fararen kaya, wanda aka ce ya yi rabin rayuwarsa a bayan sitiyari kafin ya fara sayen motoci. Ya bar ƙaramar motarsa a bakin titi, ya tako yana tsallake tankuna da wayoyi, ya naɗe ƙafar wando saboda ruwa. Ya zagaye motar. Ya tsaya a bayanta ya karanta jan rubutun a hankali, yana motsa leɓe.

"Ashe gargaɗi ne ka rubuta mini, ni ban gane ba."

"Ranka ya daɗe, layin ne aka gina shi ba daidai ba."

"Ciwon cikin nan naka na wurin lodi, ya sauƙi?"

"Yana ɗan tasowa ma yanzu."

"Danne shi."

Inna ta ga fuskar dattijon, ta kalli ɗanta, sai murnarta ta fara gushewa. Ta matso ta rage murya, amma layin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Bawan Allah, tsakaninka da Allah ka gaya mini, don na yi faɗa da mutane a kan yaron nan. Direba ne ko ba direba ba?"

Dattijon ya dube ta. Na ga yana neman inda zai ajiye maganar ba ta fasa komai ba.

"Inna, direba ne. Rabin gaba."

Ya miƙa hannu. Gabagaɗi ya kalli hannun, ya kalli makullin, ya kalli mai aski. Ya sa makullin a tafin maigidansa.

"Ba korarka na yi ba, albarkacin tsohuwar nan," in ji dattijon. "Daga yau bayan mota za ka koma. Ka ɗaure igiya, ka sa waigi, ka tsaya kana kallon yadda take tafiya da baya har idonka ya gane. In ka gane mu sake magana. Yanzu je ka baya ka ba ni hannu."

Ya tattare rigarsa ya hau. Ya ɗan yi gaba, ya murza, ya dawo, bodin ya miƙe kamar an yi masa magana a kunne. Mutane suka yi ajiyar zuciya tare.

Na zaci Gabagaɗi zai tafi bayan motar nan kansa a ƙasa. Da farko haka ya tafi. Amma da ya tsaya a tsakiyar layi ya ga dukan unguwa shi take kallo, ya kuma ga ƙatuwar mota ba za ta motsa ba sai ya ɗaga hannu, sai na ga ƙirjinsa yana dawowa. Ya gyara tabarau, ya yafa tawul.

"Kowa ya matsa. Wannan shi ne ainihin aikin, wanda ke ciki ai sitiyari kawai yake riƙewa. Ranka ya daɗe, zo. Zo, zo. Yanke kaɗan. Yauwa, kana ƙoƙari. Zo."

Motar tana tahowa, shi yana takawa da baya, yana kaɗa hannu biyu, yana yi wa malam bayanin hagu da dama. Bai waiwaya ba. Inda bututun ya fashe kuwa ruwa ya riga ya ci ƙasa ya yi rami, ya cika da jan taɓo.

Tabarau muka fara gani a sama. Sannan ƙafafu biyu. Dattijon ya ga mai ba shi hannu ya ɓace daga madubi, ya taka birki. Daga cikin ramin, hannu ɗaya ya fito yana kaɗawa, wata murya mai cike da ruwa tana cewa, "Zo, zo."

Layin ya fashe. Malam ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, mai rabin aski yana dariya ta bayan tanki, ni kaina na manta ba ni da rumfa. Inna kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta taka har bakin ramin, ta leƙa ta kalli ɗanta kwance cikin taɓo, aljihu huɗu duk sun cika da ruwa. Ta cire masa tawul ɗin daga fuska ta matse, ta miƙa masa hannu.

"Taso, ɗan nan," ta ce. "Ribas da ƙafa ma ba ka iya ba, ina kai ina mota. Taso mu je ka wanke, gobe da sassafe ni zan tashe ka."